Yadda ake gina tauraro mai jinkirin fahimta a wasan kwaikwayo mai dogon zango

Na yi shekaru ina rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango na talabijin, irin wanda ake haskawa mako-mako har jama'a su saba da mutanen ciki kamar maƙwabtansu. A tsawon wannan lokaci an sha ɗora mini gina tauraro mai jinkirin fahimta. In na ce tauraro, mutumin cikin labari nake nufi. Wanda ke tsayawa gaban kamara a madadinsa kuwa, ɗan wasa zan riƙa ce masa.

Na farkon da na rubuta ban yi masa adalci ba. Na sa masa riga a karkace, baki a sake, da dariyar da ba ta da dalili, na ajiye shi don masu kallo su riƙa sararawa a kansa in an fito daga rikici. An yi dariya, mu ma muka ɗauka mun yi aiki. Ba a yi wata uku ba wata uwa ta aiko da saƙo ta hannun abokin aikina: yaran unguwarsu sun daina kiran ɗanta da sunansa, sai da sunan tauraron nan, suna bin sa a baya suna kwaikwayon tafiyar da mu muka ƙirƙira. Yaron ya daina yarda a aike shi ko nan da ƙofar gida. Daga ranar na sake hanyar aiki, kuma ita ce zan shimfiɗa maka a nan.

Ba a kaina aka fara ba. A Ingila, shirin Crossroads ya yi wani tauraro mai jinkirin fahimta mai suna Benny, mai hular ulu, wanda Paul Henry ya fito a madadinsa daga 1975 zuwa 1987. Masu kallo sun so shi ƙwarai, amma duk da haka sunansa ya koma abin zagi a bakin 'yan makaranta, har sojojin Birtaniya da aka kai tsibiran Fokland bayan yaƙin 1982 suka riƙa kiran mazauna wurin da shi. Fim na awa biyu ana kallo a tashi. Mai dogon zango kuwa yana shiga falon mutane shekara da shekaru, abin da ka rubuta yana fita ya zauna a bakin jama'a.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin rubutu guda da ba ka haɗa shi da komai ba, na wannan tauraro shi kaɗai. A ciki za ka tara abin da ka gani da abin da ka ji.

Waya ko rikoda ta naɗar murya. Za ta yi maka aiki sau biyu: wajen hira da mutane, in sun yarda, da kuma wajen naɗa wa ɗan wasa layukansa.

Mutane masu jinkirin fahimta, aƙalla uku, da iyalansu, waɗanda suka amince ka zauna da su. Wannan shi ne babban kayan aikin. In babu shi, kada ka fara.

Mai ba da shawara ƙwararre guda: malamin da ke koyar da masu buƙata ta musamman, ko likitan yara, ko mai koyar da magana. Ka sa shi cikin kasafin shirin, a biya shi. Shawarar alfarma ba ta wuce kashi biyu ko uku, shirin kuwa zai yi ɗari.

Taswirar labarin zango ɗaya gaba ɗaya, ba kashi ɗaya ba.

Takardar yarjejeniya iri biyu: ta lauya, da wata mai sauƙi, gajerun jimloli da manyan haruffa da hotuna, wadda ɗan wasan da kansa zai gane.

Sai ƙarin lokaci a jadawalin ɗauka. Wannan da furodusa za ka yi maganarsa tun kafin a kunna kamara, don in ka bari sai an je lokeshan, ba za ka samu ba.

Mataki na 1: Tantance wace lalura ce

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai a tukunya ɗaya. Marubuci ya ce "mara wayo ne", ya tsinto alama daga nan da can: idon mai farfaɗiya, surutun mai taɓin hankali, dalalar miyau, in'ina, ya ɗora wa mutum ɗaya. Babu irin wannan mutum a duniya.

Abin da kake buƙata ka sani ba shi da yawa. Jinkirin fahimta, wanda likitoci ke kira naƙasar fahimta, yana farawa ne tun a yarinta, yana shafar saurin koyo da kuma iya tafiyar da hidimar yau da kullum, kamar lissafin kuɗi, karanta lokaci, hawa mota zuwa wani wuri shi kaɗai. Yana da hawa huɗu, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani ƙwarai, kuma mafi yawan masu shi a hawa mai sauƙi suke: suna magana, suna aiki, wasu na aure. Ba taɓin hankali ba ne, ba ya zuwa ya tafi, kuma ba magani ke warkar da shi ba, sai dai mutum ya ci gaba da koyo iya rayuwarsa. Dalilansa da yawa: rashin isasshiyar iska lokacin haihuwa, shawara mai tsanani a jariri, sanƙarau, gubar dalma, ƙarancin sinadarin aidin ko shan giya lokacin goyon ciki, ko abin da ya zo cikin ƙwayoyin halitta. A wasu kuma ba a gano dalilin ko kaɗan.

Lalurar Down tana cikin waɗanda suka fi fitowa a talabijin, don ana gane ta a fuska. Tana samuwa ne in mutum ya zo da kuromozom (ƙunshin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki) na 21 guda uku maimakon biyu, wato jimillarsu 47 ke nan a maimakon 46, kuma kusan jariri ɗaya cikin dubu ke zuwa da ita. Wahalar karatu kawai, wadda ake kira disleksiya, wani abu ne daban: mai ita kaifin basirarsa lafiya lau, haruffa ne ke rikice masa. Galahanga, wadda ake kira otizim, ita ma daban ce, ko da yake wasu masu ita suna da jinkirin fahimta, wasu kuma ba su da shi.

Zaɓi ɗaya. Rubuta a shafin farko na littafinka: lalura kaza, hawa kaza, ga abin da yake yi da kansa, ga abin da sai an taya shi. Kai wa mai ba ka shawara ya duba. Ko da ba za a taɓa faɗin sunan lalurar a cikin shirin ba, kai dole ka san ta.

Mataki na 2: Je ka zauna da su

Gani ya kori ji. Nemi wata makaranta ko cibiya ko ƙungiyar iyaye, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, ka nemi izini. Kada ka je sau ɗaya. Zuwan farko kowa yana cikin kunyar baƙo, ba abin da za ka gani sai ladabi. Daga na uku ne ake mantawa da kai.

In ka zauna, yi magana da mutumin kai tsaye. Za ka ga uwa ko yaya na saurin amsawa a madadinsa, ba da mugun nufi ba, sabo ne. Gode musu, ka mai da fuskarka gare shi, ka jira. Jiran nan shi ne sana'ar. Wani sai ya yi daƙiƙa goma kafin amsa ta fito, in ka cike shirun da wata tambayar ka rushe masa abin da yake haɗawa. Kuma ka guji tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a", domin da yawansu sun saba cewa "e" don su faranta wa mai tambaya. Maimakon "Kana son aikinka?" ce masa "Nuna mini abin da kake fara yi da safe."

Akwai wani saurayi da na yi makonni ina zuwa wurinsa, yana aiki a wurin renon itatuwa. Ba ya iya lissafin canji, amma ya san kowace shuka da ranar da aka dasa ta. Wata rana wani sabon ma'aikaci ya ɗauki tiyo zai ba wa layin ƙarshe ruwa da tsakar rana, sai saurayin nan ya taho ya tsaya a gabansa, bai ce komai ba, ya miƙa hannu. Da aka ba shi tiyon ya naɗe shi a tsanake, ya rataye, sannan ya ce, "Sai yamma." Ya juya ya ci gaba da aikinsa. A fuskarsa akwai ɓacin rai irin na mai sana'a da aka taɓa masa kaya. Da ina zaune a ɗaki, ko shekara zan yi ba zan ƙago wannan ba.

Irin waɗannan za ka rubuta: abin da ke ba shi haushi, wanda yake tsokana, ƙaryar da yake yi in ba ya son aiki, dabarar da yake ɓoye rashin iya karatu da ita, kamar ya ce ya manta tabarau ko ya ce "karanta mini, hannuna da datti". Ka tambayi 'yan'uwansa su ma. A wurin ƙanne da yayye ake jin abin da iyaye ba sa iya faɗa.

In babu cibiya kusa da kai, bi ta hannun malamai ko ma'aikatan lafiya su haɗa ka da iyali ɗaya, ko a yi ta kiran bidiyo. Amma kada ka kwafe mutum guda sukutum. Haɗa daga uku ko huɗu, ka sauya bayanai, don kada maƙwabta su nuna shi da yatsa ranar da aka haska.

Mataki na 3: Rubuta takardar halinsa

Shafi biyu sun isa. Fara da abin da yake so a rayuwa, ba da lalurarsa ba. Bari mu kira shi Habu, shekara 24. Yana son ya riƙe kuɗin aikinsa da kansa, amma yayansa ke karɓa. Yana son wata yarinya da ke aiki kusa da su. Yana da rowa, yana da riƙo, ba ya manta alkawarin da aka yi masa, kuma shi kaɗai ne a gidan ke iya sa mahaifinsu dariya.

Ga gwajin da nake yi: rufe layin da ya ambaci lalurar da hannunka, ka karanta sauran. In akwai mutum a wurin, ka ci gaba. In babu abin da ya rage, ba ka gina tauraro ba tukuna, alama ka zana.

Dole ka ba shi aibi. Marubuta masu kyakkyawar niyya kan gudu daga wawan da ake dariya su faɗa wa waliyyin da ba ya laifi, kullum murmushi, kullum shi ke koya wa masu lafiya darasi. Wannan ma raini ne, sai dai ya sa farar riga. Sannan ka rubuta shekarunsa da manyan haruffa. Mai shekara 24 ba yaro ba ne, ko da karatunsa bai wuce na ɗan aji uku ba. Ya yi shekara 24 yana kallon duniya, yana da sha'awa irin ta manya da takaici irin na manya. Kada ka bari mai kula da sutura ya sa masa kayan yara ko ya riƙa masa abin wasa.

Mataki na 4: Zaɓen ɗan wasa

Ra'ayina a nan ba ya rawa: ka fara neman mai lalurar da kansa. An gwada, kuma ya yiwu. A Amurka, Chris Burke, mai lalurar Down, ya ja shirin Life Goes On daga 1989 zuwa 1993, har aka yi wa tauraronsa aure a ciki. A Ingila, Liam Bairstow ya shiga Coronation Street a 2015, bayan ya samu horo a ƙungiyar wasan Mind the Gap da ke Bradford, wadda aikinta ke nan, horar da 'yan wasa masu jinkirin fahimta. Ka lura da wannan: horo ya samu. Lalura kaɗai ba ta mai da mutum ɗan wasa, kamar yadda tsawo kaɗai ba ya mai da mutum ɗan ƙwallon kwando.

Wajen tantancewa, kada ka miƙa takarda ka ce a karanta nan take. Aika da fitowar kwana uku kafin ranar, a rubuce da kuma a murya. Bari ya zo da wanda ya saba da shi. Fara da wasan da ba rubutu: "An ɗauke maka waya, ga wanda kake zargi." Abin da kake nema uku ne: yana bambanta wasa da gaske, yana iya maimaita abu sau uku ba tare da ya gundura ba, kuma shi ke so, ba iyayensa ke tura shi ba. Na ƙarshen nan ka tambaye shi a lokacin da ba sa kusa da za su amsa masa.

Yarjejeniya a karanta masa mai sauƙin, a tambaye shi ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. A gaya masa ƙarara cewa mutane za su gane shi a hanya, wasu su yaba, wasu su yi magana mara daɗi. A biya shi daidai da takwarorinsa, kuma a san inda kuɗin ke shiga.

In ka nema da gaske ba ka samu ba, ko kuma labarin na buƙatar abin da zai cutar da shi, to sai ka ɗauki ɗan wasa mara lalura, bisa sharuɗɗa. Ba za a yi haka da lalurar Down ba, don kwalliyar da za ta kwaikwayi fuskar izgili ce tsantsa. Ɗan wasan zai bi ka zaman da ka yi a mataki na 2. Kuma za ka hana shi abubuwa huɗu: karkata baki, dalalar miyau, maƙale murya, da jan ƙafa. Duk aikin a ciki yake: jinkiri kafin amsa, kallon fuskar wanda ya yarda da shi kafin ya yanke shawara, riƙe tsari ɗaya na yin abu. In ɗan wasan ya shahara da barkwanci, ka yi tunani sau biyu, domin masu kallo za su fara dariya tun kafin ya buɗe baki.

Mataki na 5: Rubuta maganarsa

Jimla gajera, abu ɗaya a cikinta. Kalmomin da ake gani ake taɓawa, ban da zaurance da habaici mai nisa. Amma gajarta ba ita ce gwaranci ba. Kada ka sa shi yana kiran kansa da sunansa kamar ɗan shekara biyu.

Ga yadda sabon marubuci kan rubuta:

Habu: Habu yana son kuɗi! Habu zai sayi mota ƙatuwa!
Yaya: Kai dai Allah ya shirye ka.

Ga yadda nake so ka rubuta:

Habu: Yaya, an biya jiya.
Yaya: An biya. Na ajiye maka.
Habu: Nawa ne?
Yaya: Me za ka yi da sanin nawa ne?
Habu: Ni na yi aikin.
Yaya: Habu, in na ba ka, kafin yamma wani ya karɓe.
Habu: Sau ɗaya ne. (Ya yi shiru.) Kai ma an taɓa karɓe maka.

A ta biyun babu kalmar da ta fi ƙarfinsa, amma shi ke jan fitowar, kuma yayan ba mugu ba ne, tsoro yake ji, tsoron kuma yana da tushe. Nan wasan yake. Sannan in akwai dariya, ka duba wa ake yi wa. In Habu ne ya yi tsokanar aka yi dariya, madalla. In rashin ganewarsa ce abin dariyar, goge.

In ɗan wasanka mai lalurar ne, karanta masa layukan, duk inda harshensa ya sarƙe ka tambaye shi, "Kai yaya za ka faɗa?" Sau da yawa tasa ta fi taka.

Mataki na 6: Shimfiɗa labarinsa a tsawon zango

A nan mai dogon zango ya bambanta da komai, kuma a nan aka fi faɗuwa. Ramukan da na sani guda huɗu ne.

Na farko, warkarwa. An buge shi a kai ko an kai shi wani wuri, ya farka yana magana kamar lauya. Wannan ƙarya ce mai tsada, don akwai iyayen da za su kalla su tashi su sayar da abin hannunsu suna neman irin wannan waraka.

Na biyu, mai da shi abin tausayi na dindindin: yau an zalunce shi, gobe an yi masa sharri, jibi ya ɓata. Gaskiya ne masu wannan lalura sun fi fuskantar cuta da cin zarafi, kuma ya halatta ka taɓa batun. Amma sau ɗaya, da shawarar ƙwararru, kuma a bar shi ya zama shi ne ya faɗa, aka kuma yarda da maganarsa.

Na uku, labarin ya zama na iyaye kawai. A 2006 shirin EastEnders na BBC ya kawo haihuwar jaririya mai lalurar Down, aka bi ruɗewar iyayenta da yadda uwar ta sha wuya kafin ta karɓe ta. Labari ne mai amfani, kuma dole ta idon iyaye za a ba da shi tunda jaririya ce. Sai dai jariri na girma. In ka fara irin wannan, rubuta tun yanzu abin da yarinyar za ta so da kanta a zango na biyar.

Na huɗu, ajiyewa. An yi makonni shida ana labarinsa, an sha yabo, sai ya ɓace, ba a sake ganinsa sai a taron biki yana tafi a baya. Maganin wannan mai sauƙi ne: a taswirarka, sa shi cikin labaran da ba su shafi lalurarsa ba. Shi ya ga wanda ya ɗauki takardar. Shi ya ɗauki ɓangare a rigimar gado. Ya yi kuskuren da ya jawo wa wani asara, ya kuma biya.

Ci gabansa a hankali za ka tafiyar da shi. Ya koyi hawa mota shi kaɗai a kashi na 10, ya ɓata hanya a na 14, ya sake gwadawa a na 20. Batun soyayya da aure kada ka ji tsoronsa, kada kuma ka mai da shi wasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006 ta tabbatar da haƙƙin aure da kafa iyali a sashe na 23, sashe na 8 kuma ya yi magana a kan yadda kafofin watsa labarai ke nuna su. Tambayoyin da iyali za su yi, wa zai riƙe gidan, wanda zai yi auren ya fahimci abin da ya amince da shi, su ne naman labarin.

Mataki na 7: Bakin sauran taurari

Dolo, gaɓo, wawa, sakarai: ana faɗin su a duniya, don haka mugun cikin labari zai iya faɗa. Sharaɗin shi ne kada kalmar ta wuce salin-alin. Wani ya tanka, ko a ga ta sauka a fuskar Habu. Kada ka taɓa sa ta a bakin tauraron da masu kallo ke ƙauna a matsayin raha, kuma kada ka laƙa masa laƙabi mai daɗin faɗa. Laƙabin shi ne abin da yara ke ɗauka su fita da shi.

Mataki na 8: Ranar ɗauka

Kai ɗan wasan ya ga wurin kwana ɗaya kafin aiki, ya san inda zai zauna, ya san banɗaki, ya ga fitilu a kunne. Ba shi jadawalin yini da hotuna, kuma in an sauya wani abu a gaya masa da wuri, don sauyin bazata ya fi tsawon aiki gajiyar da shi. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi umarni. In darakta na magana, mai kamara na magana, mai sauti na magana, ko wane ne zai rikice.

Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a nuna maimakon a bayyana. Sa alama mai launi a ƙasa inda zai tsaya. Ɗauki fitowarsa da safe, a yanka ta gajeru-gajeru. In layi ya ƙi zama, mataimakin darakta ya tsaya bayan kamara ya faɗa, shi ya maimaita, daga baya a cire muryar mataimakin. In akwai 'yar na'urar da ake sa wa a kunne a faɗa masa layin ta ciki, ta fi, in babu, wannan ta wadatar. Da yawa daga masu lalurar Down ba sa ji sosai, saboda haka a fuskance shi in za a yi magana. Wasunsu kuma gaɓar wuyansu na da sassauci, kada a sa shi faɗuwa ko kokawa sai likita ya duba.

Fitowar faɗa ko kuka tana son shiri na musamman. Kafin a fara, wanda zai yi masa tsawa ya zauna da shi su gaisa, ya ce, "Yanzu zan yi maka faɗa na wasa." Da an ce a tsaya, ya dawo ya dafa shi. Na taɓa ganin ɗan wasa ya yini ba ya kula abokin aikinsa saboda an tsallake wannan. Ku kuma yi wata alama da hannu wadda in ya yi ta, komai ya tsaya, ba tambaya.

Ka ja kunnen ma'aikata: ba a yi masa muryar da ake yi wa jarirai, ba a tafa masa don ya faɗi layi ɗaya, ba a ɗaukar bidiyonsa a waya in ya yi kuskure. In ya yi ba daidai ba a ce a sake, kamar kowa.

Mataki na 9: Ɗakin tacewa

Abin da ka gina wata shida, mai tace hoto zai iya rushe shi da sauti ɗaya. Zauna kusa da shi. Ban da kiɗan barkwanci in Habu ya shigo, ban da kiɗan tausayi duk lokacin da ya buɗe baki. Kada a yanke shirun da yake yi kafin amsa, ko da kashin ya yi tsawo, a rage a wani wurin. Duba kuma inda kamara ta fi daɗewa: in Habu na magana amma fuskar mahaifiyarsa ake nunawa tana share hawaye, an ƙwace masa fitowar. In furucinsa bai fita sosai ba, a sake naɗar muryarsa shi da kansa a situdiyo. Kada a ɗora masa muryar wani. In za a sa rubutu a ƙasan hoto, a sa wa kowa, ba shi kaɗai ba.

Mataki na 10: Kafin a haska da bayan an haska

Kashi ukun farko, tara mutanen da ka zauna da su da iyalansu su kalla kafin kowa. Kada ka tsaya a gaba kana bayani. Zauna a baya ka kalli inda suka yi dariya da inda suka sunkuyar da kai. Bayan an gama, tambayi masu lalurar tukuna, kafin iyaye su yi magana: "Wane wuri ne ba ka so ba?" Ka bar kwanaki a jadawali da za a iya gyara, in ba haka ba taron na ado ne.

Masu tallar shiri su ma a sa musu ido. Su ne ke yanko daƙiƙa goma sha biyar mafi ban dariya su watsa a Facebook da TikTok, inda babu abin da ya gabata balle abin da ya biyo baya. Duk guntun da Habu ke ciki, sai ka gani kafin ya fita. A naɗa mutum guda da zai riƙa bin sharhin da ake yi a ƙarƙashi yana goge zagi, musamman makonni huɗun farko, kuma a shawarci iyalin ɗan wasan kada su bar shi yana karantawa shi kaɗai.

Littafin nan naka kuma kada ka rufe shi. A shiri mai dogon zango marubuta na sauyawa, daraktoci na sauyawa, sai ka ga a zango na uku Habu ya manta karatun agogon da ya koya a na biyu, ko ya koma gwarancin da ba a san shi da shi ba. Bayan kowane kashi, rubuta abin da ya iya yanzu, abin da har yanzu sai an taya shi, da wanda yake fushi da shi. Ba mai kula da kwantiniti, wato mai lura kada wani kashi ya saɓa wa wani, kwafi ɗaya, duk sabon marubucin da ya shigo kuma a ba shi ya karanta, sannan a kai shi ya gaisa da ɗan wasan kafin ya rubuta masa layi ko ɗaya.